Kwalin Sukari a Hancin Motar Ingila

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: sakaran wannan labari ni ne. Ba maƙwabcina ba ne, ba wani Bature ba ne, ni ne, da furfurata da tabon sallata. Na manta abubuwa da yawa a duniya, yanzu ko lambar ƙofarmu sai na tsaya na yi tunani, amma ranar da na toshe wa motar Ingila hanci da kwalin sukari, ina jin ko a kabari in na tuna ta sai na rufe fuska da likkafani.

Ni makanike ne, ko dai in ce haka nake gaya wa mutane. A lakkwal, makarantar boko, aji huɗu na tsaya, ranar da mushe, malaminmu, ya shafa kaina ya ce wannan kai ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Sai na koma garaji kusa da tashar Damagaram, na yi shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin motocin da Turawa suka gaji da su suka turo mana. Daga nan na zo Faransa, na shiga izin, wato masana'anta, a Vénissieux, inda na yi kusan shekara talatin ina ɗaure bulo, wato noti, guda huɗu, waɗannan huɗun dai, safe da yamma. Da na yi retret, na ajiye aiki, sai na samu sabon aiki marar albashi: in zauna kan benci a gindin benayen Minguettes, duk motar da ta wuce in faɗi cutarta daga jin kukanta. Ba wanda ya taɓa tsayar da mota ya duba ko gaskiya na faɗa, saboda haka ban taɓa yin kuskure ba.

'Ya'yana biyar, duk a nan aka haife su. Huɗu sun yi karatun zama kan kujera. Auta ce, mace, ta ce ita makanikanci za ta koya. Uwarta, Hajiya, ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba. Ni a fili na ɗaure fuska, a ɓoye kuwa ina bin tsofaffin unguwa ina cewa jinina ne ya motsa. Ta gama karatu, ta samu takarda mai hatimi, ta shiga wani ƙaramin garaji a gefen Lyon inda ba a gyara komai sai tsofaffin motoci, irin waɗanda masu su suke shafawa fiye da yadda suke shafa matansu. Patron ɗin, wato mai garajin, wani gajeren tsoho ne mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ɗauke ta gwaji na wata uku. In ta yi, ya ba ta kwantara, takardar aiki ta dindindin. In ba ta yi ba, ga ƙofa. Kuma yana da doka guda wadda ya rubuta ya manna a bango: motar mutane, ba wanda zai taɓa ta sai ma'aikacin garaji. Ku riƙe wannan doka, za mu dawo kanta.

Saura mako guda wata ukun su cika sai aiki ya taso. Wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, za su yi bikin cika shekara hamsin da aure ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma. 'Ya'yansu sun binciko ainihin motar da uban yake ɗaukar uwar a ciki suna samari, sun same ta wurin wani mutum kusa da Bobigny, sun saye ta a ɓoye. Sai a kawo ta Lyon, a tsayar da ita a ƙofar gidan biki daidai lokacin da tsofaffin za su fito. Patron ne ya kamata ya je, amma bayansa ya riƙe, ko takalmi ba ya iya ɗaurawa. Ya kira auta ya ce ta je ta duba motar, ta tuƙo ta. Bai ce mata wannan ce jarrabawarki ba, amma ko jariri ya gane.

Nan na miƙe na ce 'ya mace ba za ta yi wannan doguwar hanya ita kaɗai ba, ina da rai. Hajiya ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Malam, rakiya za ka yi ko shiga motar mutane?" Na ce mata astagfirullah. Gaskiyar magana kuwa, tun ina yaro nake ganin hoton irin wannan mota a kalanda, ban taɓa zama a cikinta ba.

Muka hau jirgin ƙasa ranar Alhamis, muka sauka wurin ƙanena a Bobigny, aka kawo motar ƙaramin garajin da ke ƙasan gidansu. Jama'a, na ga mota. Kore shar, kujera biyu kacal, ba rufi, ƙasa-ƙasa kamar kadangare, in ka zauna a ciki kana iya kunna ashana a kwalta. Da auta ta ɗaga kapo, murfin injin, sai na ga karburata biyu a jere, kowace da ɗan tulunta na azurfa a kai, kuma a bakin kowace an ɗaura filtar iska, gwangwani zagayayye kamar langar tuwo da murfinta. Ta wuni tana aiki, ni ina riƙe da fitila ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Ta canja mai, ta duba buji, wato fulogi, ta sa kunne a bakin karburata ɗaya, ta koma ɗayar, tana murɗa ɗan ƙusa har numfashinsu ya zama ɗaya. Ta fita da motar gwaji ta dawo tana murmushi. Matsala guda ta rage: da ta kwance filtocin don ta wanke gwangwanayen, juwan ɗinsu ya yage. Juwan, ga wanda bai sani ba, 'yar takarda ce mai kauri da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta saci hanya.

Ranar Juma'a da hantsi ta ce za ta tsallaka can ɗaya gefen Paris, inda ake sayar da kayan irin waɗannan motoci, ta sayo sababbi. Na ce, "Don 'yar takarda za ki ƙetare gari?" Ta ce, "Baba, s'il te plaît, don Allah kada ka taɓa komai. Kallo kawai." Na ce mata ni da na haife ta ba sai an gaya mini ba.

Na tafi Goutte d'Or na yi sallar Juma'a, na gamu da tsofaffin abokai. A cikinsu akwai aminina, wani tela mutumin Maradi, wanda Allah Ya ba shi baki kamar almakashinsa. Na ba su labarin mota, na ƙara gishiri, har ya zama kamar ni patron ya aiko, yarinya kuma rakiya ta yi mini. Mutum uku suka biyo ni Bobigny su gani da idonsu. Suka zagaye ta suna salati. Sai telan nan ya leƙa cikin kapo ya ga filtoci a ajiye gefe, ya ce, "Shef, ya na ga hanjinta a waje?" Na ce juwan ake jira. Ya ce, "Ake jira? Kai da ka ce a Damagaram har da fatar takalmi ka taɓa tayar da kamiyo, babbar motar kaya? Ashe dai yanzu 'yarka ce makanike, kai riƙon fitila ne naka."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce wa ƙanena ya kawo mini kwalin sukari, irin na ƙwaya ɗin nan da ake shan shayi. Duk makaniken da ya tashi a ƙasarmu ya san kwalin sukari: ba ya da kauri da yawa, ba ya da laushi da yawa, mun yi juwan da shi wanda ya fi wasu aure daɗewa. Na juye sukarin a faranti, na ɗora kwalin a bakin karburata, na bi gefe-gefe da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa har siffar ta fito. Abokaina suka matso suna kallo. Hannuna bai manta ba, wannan kam ba ƙarya. Na fitar da babban rami na tsakiya, na fitar da ramuka biyu na bulo. Sai na lura da wasu 'yan ramuka biyu ƙanana a sama, a jikin kowace karburata, kuma tsohon juwan ɗin da ya yage shi ma yana da su.

A nan ne ilimina ya yi mini aiki. A garajinmu na Damagaram, darasin farko da maigidana ya koya mini da mari shi ne: duk ramin da ba bulo a cikinsa, ƙofar yashi ce. Motar da za ta bi hanyar Agadas, in ka bar mata rami ko na allura ne, kafin ta kai ta ci rairayi ta ƙoshi. Mukan toshe, mu liƙe, mu shafe da girisi. Na nuna wa abokaina ramukan, na ce, "Kun ga sakacin Bature? Shekara hamsin motar nan tana shan datti ta nan, ba wanda ya lura sai yau." Tela ya ce, "Allah Ya ja zamanin Shef." Na yanka juwan biyu lafiyayyu ba ramukan, na shafe su da girisi, na ɗaura filtoci, na ɗaure tamau. Ban tsaya na tambayi kaina ba, wane yashi ne tsakanin Paris da Lyon.

Da la'asar sakaliya auta ta dawo da 'yar leda a hannu. Ta ga filtoci a ɗaure, ta ga abokaina a zaune suna shan shayi da sukarin da ba shi da kwali. Fuskarta ta canja, amma ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta matso ta ce a hankali, "Baba, me ka sa?" Na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Juwan na yanka, irin wanda ba a koyarwa a lakkwal." Ta ce, "Daidai da tsohon ka yi shi? Exactement?" Na ce, "Daidai, har ya fi." Kun ji inda ƙaryar take, a cikin "har ya fi" ɗin nan na ɓoye ta. Ta ɗauki kile, wato sifana, kamar za ta kwance, sai tela ya ce, "Haba 'yata, aikin ubanki za ki bincika a gabanmu?" Ta tsaya. Ta ajiye kile. Ta murɗa makulli, mota ta tashi tana gurnani lafiya lau, don a tsaye cutar ba ta nuna kanta. Abokaina suka yi tafi. Ta sa ledar a aljihun rigar aikinta.

Asabar da sassafe muka kama hanya. Cikin gari ba wanda ya lura da komai, saboda a Paris ko jirgin sama ka tuƙo tafiyar kunkuru za ka yi. Na sa hulata, na ɗora gwiwar hannu a ƙofa, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu kamar ɗan takara. Sai da muka hau otorut, babbar hanyar gudu, ta taka mai. Mota ta yi wani nishi kamar tsohuwa a kan matakala, ta kai sittin da ƙyar, ta ce nan fa ɗaya. Auta ta ƙara takawa, mota ta yi tari ta ƙi. Kamiyo-kamiyo suka fara wuce mu suna danna oda, iskarsu tana neman ɗauke mini hula. Wani yaro a bayan motar iyayensa ya yi mana gwalo.

Ta tsaya a wurin hutawa na farko, ta ɗaga kapo. Na ga idonta ya sauka kan filtocin nan, ya daɗe a kai, sannan ya dawo kaina. Na yi sauri na ce, "Isansi ne, man fetur. Mutumin nan ya bar tsohon isansi a tanki." Ta duba bututun mai, lafiya. Muka ƙara gaba kaɗan, muka tsaya. Na ce buji ne. Ta kwance buji huɗu ta goge ta mayar. Muka ƙara gaba. Na ce wuta ce ba ta zuwa daidai. Ta duba. Na ce ai dama motar Ingila munafuka ce, ba ta son ƙasar Faransa. Ba ta yi dariya ba. Daga ƙarshe na ce baki ne, telan nan tun muna samari idonsa ba shi da kyau, na tofa wa sitiyari addu'a. Mota ba ta ji addu'ar ba, ko kuma ta ji ta san wanda ya tofa.

Sau biyu tana cewa, "Baba, juwan ɗin nan..." Sau biyu ina katse ta. Na farko na ce, "Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba." Na biyu na ce, "In kin kwance aikina, ki sauke ni nan in hau jirgi, tunda na zama abin dariya." Yanzu da nake rubuta wannan, na san cewa tun tsayawar farko ta gane. Yarinyar da take jin bambancin numfashin karburata biyu da kunne, za ta kasa gane an toshe musu hanci? Ta sani sarai. Kunya ce ta riƙe mata hannu. Mu muka yi mata tarbiyyar, muna alfahari a unguwa cewa duk da a Faransa aka haife ta ba ta musu da babba. Ga shi tarbiyyar tana neman cinye mata aiki a gefen hanya, ni kuma ina tsaye ina ba ta karin magana.

Ni ma fa, kada ku ɗauka ban fara zargin kaina ba. Tun wajen ƙarfe goma 'yan ramukan nan biyu suka fara yi mini gizo a ido. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa na naɗa shi har ya rufe kunne.

Jandarma biyu a kan babur suka tsayar da mu, suka ce wannan tafiya tamu hatsari ce a otorut, suka raka mu har mafita, muka koma ƙaramar hanya mai bi ta ƙauyuka. Wani manomi a kan tarakta ya bi bayanmu ya gaji, ya wuce mu. Wayar salularta kuwa ba ta huta ba. Patron ne. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune, kamar ana yaga buhu. Tana cewa, "Oui, patron. Ina dubawa, patron. Za mu iso." Da ta kashe, ta dubi agogo. Ƙarfe biyu ta yi, ba mu ci ko rabin hanya ba.

Muka tsaya a wani fili mai ciyawa da tebura na katako. Na ce bari in yi azahar. Na yi alwala da ruwan kwalba, na matsa can bayan wata bishiya, na shimfiɗa jaket ɗina, na kabbarta. Ina cikin fatiha sai na ji ƙarar kile a kan bulo, ƙyas, ƙyas, da sauri kamar ɓarawo a ɗakin mutane. Na gane abin da ake yi. Mai salla ba ya juyawa, kuma 'yar nan ta san haka, shi ya sa ta jira tun safe. Na yi ruku'u, ana kwancewa. Na yi sujada, ana ɗaurawa. Ina zaman tahiya sai na ji an murɗa makulli, aka taka mai, motar nan ta yi wani ruri da ya tayar da tsuntsaye daga kan bishiyar da nake ƙarƙashinta. Allah Ya yafe mini, har yau ban san ko na karanta tahiyar nan ko ban karanta ba. Na yi sallama, na daɗe ina addu'a, ba don tsoron Allah ya ƙaru ba, don dai ban san da wace fuska zan koma ba.

Na same ta tana goge hannu. A kan kujerata ta ajiye juwan ɗina guda biyu, baƙi ƙirin da girisi, ana iya karanta rabin sunan sukarin a jiki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna mini tulun da ke kan karburata ta ce, "Baba, akwai fistan a cikin nan. In an taka mai, dole ya ɗaga sama don maƙogwaro ya buɗe. Iskar da take tura shi daga ƙasa, ta 'yan ramukan nan biyu take shiga. In an rufe su, ba ya tashi. Kuma iskar ta cikin filta take bi, ba datti da ke shiga." Na ce, "To ai a Damagaram..." Ta ce, "Monte, Baba. Shiga mu tafi."

Abin da ya biyo baya ba tuƙi ba ne, tashi ne. Muka koma otorut, motar da ta wuni tana tari ta zama aljana. Hulata ta tafi wajen wani gari mai gonakin inabi, ban ce a tsaya ba. Na riƙe ƙofa da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace, har da wanda ba a karantawa a mota. Duk da haka lokacin da na ɓata ya riga ya ɓaci. Muka shiga cunkoson Lyon, muka isa gidan bikin shida saura kwata.

Mutane suna tsaye a waje cikin kwat da furanni, an gaji da jan tsofaffin da hira don kada su gane ana jiran wani abu. Patron yana gefe, dogare da sanda, fuskarsa ja kamar tattasai. Bai bari ta gama fitowa ba ya ja ta gefe, ni ina biye kamar akuyar da aka sayar. Ya ce, "Me ya faru?" Sai na ji 'yata ta ce, "Laifina ne, patron. Na ɗaura filtoci ban duba juwan da kyau ba." Ya ce, "Wata uku a wurina, kuma ramukan karburata ba ki sani ba? Wannan ko ɗan koyo na makon farko..." Ya girgiza kai, irin girgizawar da ke nufin magana ta ƙare.

Ku duba lissafin da yarinyar nan ta yi. In ta ce ubanta ne, ta karya dokar bango, kuma ta tona mini asiri a gaban Turawa. In ta ce ita ce, ta zama wadda ba ta iya aiki ba. Ta zaɓi ta rasa aikin da ta yi shekaru tana nema, don wani tsoho marar hula ya tsira da mutuncinsa. A nan ne rawanin nan nawa ya warware ya faɗi. Na zaro kwalayen daga aljihu inda na cusa su tun a hanya, na miƙa wa patron, na yi masa bayani da faransancina na izin, wanda ba ya da mace ba ya da namiji. Na ce ni ne, ta hana ni na ƙi, ta so ta kwance na hana ta, sai da na shiga salla ta samu sarari. Na ce in kora ce ni ya kamata a kora, sai dai ba a ɗauke ni ba balle.

Patron ya juya kwalin a hannunsa, ya kai shi kusa da ido. Ya ce, "Da me ka yanka?" Na ce da guduma. Ya ce, "Yanka mai kyau." Har na fara miƙe wuya. Sai ya ƙara da cewa, "Ban taɓa ganin wauta da aka yi wa aiki mai tsabta haka ba."

Ana cikin haka tsofaffin suka fito. Matar ta ga motar, ta dafe ƙirji, ta kira sunan mijin da wata murya ta 'yan mata. Shi kuma ya tsaya yana shafa ƙofa yana kuka ba kunya. Ba wanda ya ƙara duba agogo. Suka shiga, ya tayar, suka zagaya fili ana tafi. Ni ma na tafa, ina ɓoye girisin da ke hannuna.

Patron bai yafe nan take ba, ba irinsu ba ne. Ya ce mata ranar Litinin ta zo su yi magana. Kwana biyun nan ba na jin ɗanɗanon abinci. Ranar Litinin ya gaya mata cewa laifinta ba na juwan ba ne, laifinta shi ne ta san inda cutar take tun safe ta bar ta har azahar. Ya ƙara mata wata guda na gwaji, da sharaɗin kada a ƙara ganin ubanta ko a layin da garajin yake. Bayan watan ya ba ta kwantara. Tana can har yanzu, ita ce ma take karɓar sababbin yara. An ce kwalina yana rataye a ƙusa kusa da dokar bango, ana nuna wa duk wanda ya zo koyo. Ban je na gani ba, sharaɗin bai tashi ba.

Abin da na koya, in tsoho yana koyo, shi ne cewa ilimi ma yana da garinsu. Abin da ya ceci mota a hanyar Agadas shi ya shaƙe ta a hanyar Lyon. Kuma ramin da ba ka san amfaninsa ba, kafin ka toshe shi ka tambayi wanda ya sani, ko da kai ka yanka masa ragon suna. Na kuma gane cewa kunyar da muke koya wa 'ya'yanmu bashi ce a wuyanmu, ba lasisin yin wauta ba ne a gabansu su yi shiru.

Amma kada ku ce na shiryu gaba ɗaya. Bayan kamar wata biyu, muka yi baƙi a gida, auta tana nan, Hajiya tana zuba shayi. Labarin ya taso, na karɓe shi na fara gyara masa zama. Na ce in an bi ta gaskiya juwan ɗin nan ba shi da aibi, Bature da kansa ya yaba yankan, kuma da a Damagaram ne sai ya shekara goma. Na ce laifin na masu ƙera motar ne, da suka yi rami ba su rubuta amfaninsa a jiki ba. Hajiya ba ta ko ɗago kai ba. Ta jefa sukari biyu a kofina ta ce, "Malam, ita motar an san wanda ya toshe mata ramuka biyu. Kai naka biyun da ke gefen kai, da yarinya ta wuni tana magana ba ta shiga ba, wa ya yanka musu kwali?"

Na sha shayina da zafinsa.